Na Hau Babur da Lasisin Mota

Da za a ce in goge abu ɗaya daga cikin abin da na aikata a rayuwata, ba zan daɗe ina nema ba. Zan goge murɗa totur ɗin babur da na yi a hanyar Dagona, matata tana zaune a bayana tana cewa in tsaya. Ni na murɗa, amma hannunta na dama ne ya biya. Mutane suna cewa tsautsayi ne, kuma ban musa ƙaddara ba. Sai dai na san inda laifina yake a ciki, kuma na gaji da jin ana wanke ni.

Ni direba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. A Nguru aka haife ni, a unguwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, na koyi mota a can, bayan na yi aure na koma Gashua da zama. Akori-kura na ja mafi yawan shekaruna. Ina ɗaukar bandar kifi da shinkafa daga ƙauyukan fadama in kai kasuwar Nguru, wani lokaci in shiga arewa har Kumagannam in kwaso gero da raguna. Duk wanda ya san hanyar Kumagannam ya san rairayinta. A can na koyi abin da kowane direban ƙasarmu yake alfahari da shi, wato idan ka ji mota ta yi nauyi a cikin rairayi, kada ka ɗaga ƙafa. Ka ƙara mata mai. Wanda ya ji tsoro ya sassauta, nan zai wuni yana haƙa ƙarƙashin taya yana shimfiɗa ƙirare. Wannan abu ya shiga jikina har ba sai na yi tunani ba, ƙafata ce take yi da kanta. A duk tsawon aikina ban taɓa kaɗe ko akuya ba, kuma nakan faɗi haka a tasha ko ba a tambaye ni ba.

Matata 'yar Dagona ce, iyayenta Badawa masunta. Sana'arta saƙar tabarma. Takan jiƙa kaba, ta rina wata ja wata kore, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanmu ta miƙe ƙafafu, yatsunta suna tafiya ba ta ko kallonsu. Tana saƙa tana hira, tana saƙa tana yi wa kaji tsawa. Masu sayar da tabarma a kasuwar Gashua har gida suke zuwa, don bakin tabarmarta ba ya warwarewa. A lokutan da motata take kwana a garejin makanike, tabarmar nan ce take ɗora tukunya a gidanmu, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Ban da wannan ma, saƙar ita ce jin daɗinta. Na sha ce mata ta huta, ta ce ai hutun ke nan take yi.

An yi shekaru ba a hawa babur a ƙasarmu, lokacin da zaman lafiya ya yi wuya aka hana. Da aka sake bari, na riga na sayar da motar, bayana ya gaji da doguwar tafiya. Na ga sa'o'ina suna sayen babur suna zuwa gona da masallaci, sai ni ma na sayi wani na hannu, baƙi, mai ɗan tsufa.

Ina da wani amini Bafulatani, dillalin shanu, asalinsa daga wajen Dapchi. Ni Babarbare ne, don haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya. Shi ya daɗe yana hawa babur tun kafin a hana. Ranar da ya gan ni ina tura nawa a ƙofar gida, ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Babarbare, wa ya sayar maka da wannan? Bai tausaya wa mutanen gari ba?"

"Kai da ka tashi kana bin saniya da sanda, me ka sani a kan inji?"

"Saniyar ma sai an koya maka inda za ka tsaya, in ba haka ba ta harbe ka. Ka zo in kai ka fili in nuna maka, sannan ka je ofis a gwada ka a ba ka lasisin babur. Takardar da ke aljihunka ta mai ƙafa huɗu ce."

"To wanda ya ja mai ƙafa huɗu da lodi har sama, mai ƙafa biyu ce za ta gagare shi?"

"Mai ƙafa huɗu in ka sake ta tana tsaye. Wannan kana sakinta sai ƙasa." Ya yi dariya, sannan ya daina. "Ba wasa nake ba, Malam. Aikin ba ɗaya ba ne."

Bai cika kirana Malam ba, kuma ya kamata wannan kaɗai ya sa in saurare shi. Amma abin da na ji shi ne Bafulatani zai koya mini tuƙi, kuma zan je in bi layi a ofis da yaran da aka haifa ina kan sitiyari. Na ce masa ya je ya ji da shanunsa.

Na koya wa kaina a lungunmu. Ba wuya in dai tafiya ce kawai. Na san kuloci, na san giya, kunnena ya san kukan inji. Ba a jima ba ina zuwa kasuwa, ina zuwa bakin gada in sayo kifi. Wata rana aka tsayar da ni a bakin gari, wani jami'i ya karɓi lasisina ya juya shi.

"Baba, wannan ai na mota ne."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kan hanyar nan."

Ya dubi gemuna, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in daure in je a yi mini na babur. Na ce to. Kunyata ya ji, ni kuwa na ɗauki kunyar tasa a matsayin izini. Har na ba da labarin a majalisa ana dariya.

Bayan damina aka aiko daga Dagona cewa 'yar ƙanwar matata ta haihu. Matata ta saƙa ƙaramar tabarma ta jariri, ta ɗinka sabon hijabi, dogo, ruwan toka, irin mai jan ƙasa. Da safiyar ranar suna ta ce za ta je tasha ta hau mota.

"Ga abin hawa a gida za ki je ki zauna jiran mota ta cika?"

"Malam, ban taɓa hawa bayanka ba."

"Kin hau gefena shekara nawa? Na taɓa kayar da ke?"

Na ɗaure tabarmar a baya, ta hau ta zauna a kaikaice yadda manyan mata suke zama, ƙafafunta a gefe ɗaya. Na duba mai, na duba madubi, na yi bismilla, na buga kik. Abin da direban mota yake dubawa ke nan. A mota, da zarar an rufe ƙofa, fasinja da tufafinsa suna ciki, babu ruwanka da su. Ban waiwaya na ga inda bakin hijabinta yake ba. Ko a raina abin bai zo ba.

Kan kwalta mun tafi lafiya. Har na fara yi mata hira, ina nuna mata inda motata ta taɓa mutuwa da lodin kifi. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙasa, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, tsuntsaye farare sun cika gefen gonakin shinkafa. Ta ce ta fara jin ƙanshin gida. Can gaba akwai wani wuri mai rairayi. Muna shiga sai na ji babur ya yi nauyi daga baya, kamar an riƙe shi.

"Malam, tsaya."

"Rairayi ne. Riƙe ni dai."

"Tsaya, Malam, hijabina..."

Ban ji ƙarshen maganar da kyau ba, ko kuma na ji ban fahimta ba. Hannuna ya yi abin da ƙafata ta saba yi a hanyar Kumagannam. Na murɗa totur.

Ba rairayi ne ya riƙe mu ba. Bakin hijabinta ne iska ta tura cikin wayoyin tayar baya, taya tana naɗe shi. Da na tsaya lokacin da ta fara magana, da abin ya ƙare a yagaggen hijabi. Man da na ƙara ne ya fizgo ta ta wuya. Ta faɗo ta baya, ta tokare ƙasa da hannun dama, babur ya ja ta kaɗan kafin ya kwanta da ni.

Ni ko ƙwarzane mai kirki ban yi ba. Na tashi na same ta kwance, hijabin ya shaƙe ta, idanunta a buɗe tana neman numfashi. Na ja, na ja, ya ƙi. Wasu mata Fulani masu ɗauke da ƙwaryar nono ne suka ajiye kayansu suka rugo, ɗaya ta zaro wuƙa ta yanke shi. Matata ta yi tari, ta yi salati, sannan ta dubi hannunta. Wuyan hannun ya karkace zuwa inda hannu ba ya zuwa. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta fara cewa shi ne a ɗauke tabarmar jaririn daga cikin ƙasa.

Wata motar kifi ce ta dawo da mu Gashua. Direban ya san ni, ya ce, "Baba, kai ne da haɗari?"

A asibiti aka ɗauki hoton hannun, aka ce ƙashi ya karye a wuri biyu kuma jijiya ta taɓu. Aka gyara, aka ɗaure. Na tambayi likitan ko za ta sake saƙa. Ya ce ƙashi zai haɗe in Allah ya so, amma yatsu sai an kwance an gani. Daga ranar babu abin da nake jira sai wannan.

Akwai wata babbar tabarma da ta fara kafin tafiyar, ta kai rabi. Tana jingine a kusurwar ɗakinta, silin kaba suna leƙowa daga bakinta. Kullum na shiga sai idona ya faɗa a kanta. Na so in ɗauke ta in kai wani wuri, matata ta ce in bar ta, za ta ƙarasa.

'Yan dubiya sun yi ta zuwa, daga unguwa, daga Dagona, daga Nguru. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Hijabi ne ya shiga taya. Laifina ne da ban tattara shi ba." Sai mata su ce wallahi dogayen hijaban nan sai a hankali, maza su ce mini Allah ya tsare gaba. Ina zaune a zaure ina karɓar jaje kamar ni aka yi wa abin.

Aminina Bafulatani ya zo da ƙwaryar kindirmo. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya dawo ya zauna kusa da ni. Na jira ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba, kuma bai kira ni Babarbare ba. Sai ya tambaye ni ina babur ɗin. Na ce an dawo da shi, yana jingine a lungu, zan sayar.

"In ka sayar, wa zai riƙa kai ta asibiti a duba hannun?"

"Akwai a-daidaita-sahu."

"Akwai. Amma ni na san ka. Sayarwar ma guduwa ce."

Wata rana da hantsi, babu kowa a gidan, ina ba ta kunu da cokali don hannun hagu bai saba ba, sai na ajiye kofin.

"Hajiya, me ya sa kike ce wa mutane laifinki ne?"

"To hijabin na waye?"

"Kin ce in tsaya. Na ji ki. Na ƙara mai."

Ta dubi bandejin. "Na sani, Malam. Ai a jikina na ji."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In ce wa ƙannena mijina ya ja ni a ƙasa?" Ta gyara zama. "Ni abin da ya fi yi mini ciwo ba faɗuwar ba ce. Sau biyu na kira ka. Tunda muke, in kana kan abin hawa ba ka jin maganar kowa. A mota ban damu ba, don ka iya. Wannan kuwa ba ka iya ba, kuma ka san ba ka iya ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ba ta sauran kunun kafin ya huce. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun a cikin motar kifi.

Washegari na je na sami aminina a kasuwar shanu na ce ya kai ni filin da ya ce. Muka riƙa zuwa wani fili a bayan gari da sassafe. Ya jera gwangwanaye ya ce in bi tsakaninsu a hankali ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba, na kasa. Ashe gudu kawai na iya. Ya nuna mini cewa birkin hannu na gaba ne, na ƙafa na baya, kuma wanda ya damƙi na gaba a cikin rairayi ya sha ƙasa. Ya hau bayana da babbar riga, na buga kik zan tafi, ya dungure mini kai.

"Babarbare, ka ga inda rigata take?"

Na sauka na duba. Da gangan ya saki gefenta tana lilo kusa da taya. Na tattara na cusa masa a ƙarƙashin cinya. Ya ce duk wanda ya koyi babur a hannun wani, wannan ake fara gaya masa kafin a nuna masa giya. Kuma in babur ya yi nauyi da mutum a baya, a tsaya tukuna, a duba, ko da rairayi ne.

Da na ga hannuna ya faɗa, na je ofishin lasisi. Na bi layin da na ƙi bi, na zauna a benci ɗaya da samari, wasu suka tashi za su ba ni wuri na ce su zauna. Jami'in gwajin, wani mutum mai matsakaicin shekaru, ya dubi tsohon lasisina ya ce na daɗe a hanya, amma na mota daban, na babur daban, sai ya ga hawana. Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Ya duba idona, ya tambaye ni alamomin hanya, waɗannan na san su. Muka fita fili, na zagaya, na tsaya inda ya ce, na bi tsakanin duwatsun da ya jera. Ƙafata ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ya ce in sake, na sake. Yana rubutu ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Baba, in za ka ɗauki iyali a baya, me za ka fara dubawa?"

Na ce, "Bakin hijabinta." Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ce in je a ɗauki hotona.

Lasisin bai riga ya fito ba aka kwance hannun. Ƙashi ya haɗe, da ɗan karkata. Babban yatsa da manuni suna motsi, amma sauran ukun ba sa lanƙwasuwa sai rabi. Aka ce ta riƙa matsa ƙwallon roba, ta yi ta matsawa har ya tsage. Wata safiya na fito na ga ta jiƙa kaba, ta jawo rabin tabarmar nan gindin darbejiya. Na tsaya a bakin zaure ban bari ta gan ni ba. Ta kama sili, ya zame. Ta sake kamawa, ta tura, ta kasa ja ya matse. Ta gwada da hagu, layin ya fito a karkace. Ta yi ta yi har rana ta iso inda take zaune. Daga nan ta naɗe tabarmar, ta zubar da ruwan kabar a gindin bishiya, ta shiga ɗaki. Da yamma ta ce in kai wa maƙwabciyarmu sauran kabar da rinin, kada su lalace.

Ba ta sake saƙa ba. Masu tabarma sun zo sau da dama, sannan suka daina zuwa. Yanzu in ta zauna a tsakar gida hannuwanta suna kan cinya, wani lokaci ina ganin yatsu biyun nan suna motsi su kaɗai kamar suna neman kaba. Rabin tabarmar tana nan a ɗakinta. A kanta take ajiye carbi.

Ranar da na karɓo lasisin na nuna mata. Ta riƙe da hagu, ta ce hoton ya tsufar da ni. Na ce ba hoton ba ne. Bayan wani lokaci ta ce tana son ta ga yarinyar da ba ta je sunanta ba, wadda har ta fara rarrafe. Na ce zan raka ta tasha.

"Ga abin hawa a gida?" in ji ta.

Ta hau. Na kafe babur, na zagaya, na durƙusa na tattara bakin hijabinta na naɗe mata a cinya, ta danne da hannun hagu. A hanya na tsaya ba sau ɗaya ba na duba, har ta ce in na ci gaba da haka sai yarinyar ta fara tafiya kafin mu isa. Da muka zo wurin rairayin nan na kashe babur, muka sauka, na tura shi tana biye da ni a ƙafa.

Lasisi biyu ke aljihuna yau, kuma babu wanda zai lanƙwasa mata yatsun nan uku. Abin da nake roƙo ga wanda ya karanta, musamman tsofaffin direbobi irina da suka ajiye mota suka koma babur, shi ne kada ya yi yadda na yi. Ya je a koya masa, ya je a gwada shi, ko da jikansa ne zai yi gwajin. Kafin ya tashi ya sauka ya duba tufafin wanda ya ɗauka. In kuma na bayansa ya ce ya tsaya, ya tsaya.